Kujerar Majalisa Ta Wa Ce? Dokar Hana Sauya Sheƙa da Makomar Wakilci a Nijeriya



 

Gabatarwa

Duk mai bibiyar zaman Majalisar Tarayya ya saba da wannan al'ada. Shugaban majalisa zai ɗauko wasiƙa ya karanta cewa Sanata wane ko Onarebul wane ya fice daga jam'iyyarsa ya koma wata. Dalilin kusan ɗaya ne kullum: rikici ya dabaibaye jam'iyyarsa, kuma ya tuntuɓi al'ummar mazaɓarsa. Masu rinjaye su ɓarke da tafi, su taso su rungume shi. Jagoran marasa rinjaye ya miƙe ya ce kundin tsarin mulki ya ce a ayyana kujerar a matsayin wadda babu kowa a kanta. A buga guduma, a wuce zuwa batu na gaba.

Tambayar da nake so mu duba yau ita ce: wannan kujera da aka ɗauka daga wannan ɓangare aka kai wancan, ta wa ce? Masu da'awarta uku ne. Ɗan majalisa yana cewa tasa ce, don shi ya yi yawon kamfe, shi aka sani. Jam'iyya tana cewa tata ce, don ita ta ba shi tikiti. Na ukun shi ne mai zaɓe, wanda ya yi sammako ya bi layi cikin rana ya dangwala. Matsayina shi ne kujerar amana ce ta wannan na ukun, kuma duk dokar da za a yi kan sauya sheƙa, da ma'auni ɗaya za a auna ta: shin ta mayar da hukunci hannun mai zaɓe, ko kuwa ta miƙa shi ga wani daban?

Abin da kundin tsarin mulki ya tanada

Nijeriya tana da dokar hana sauya sheƙa, ko da yake wanda ya ga abin da ke faruwa zai ɗauka babu. Sashe na 68(1)(g) na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa sanata ko ɗan majalisar wakilai da wata jam'iyya ta tsayar, idan ya shiga wata jam'iyyar kafin wa'adin majalisar ya cika, ya rasa kujerarsa. Sashe na 109(1)(g) ya faɗi haka game da 'yan majalisun jihohi. Hikimar a fili take. A ƙasar nan babu ɗan takara mai zaman kansa. Sai jam'iyya ta tsayar da mutum yake iya takara. Takardar ƙuri'armu ma alamar jam'iyya take ɗauke da ita, babu sunan ɗan takara. Tsohuwar da ta dangwala wa lema ko tsintsiya, alama ta gani ta zaɓa. A shari'ar Rotimi Amaechi ta 2007, Kotun Ƙoli ta jaddada cewa jam'iyya ce ke cin zaɓe, har ta ba shi kujerar gwamnan Ribas alhali ba shi ya tsaya ranar zaɓe ba.

Sai dai dokar ta zo da ƙofofi uku a buɗe.

Ta farko ita ce togaciyar da ke cikin sashen kansa: idan rabuwar kai ta auku a jam'iyyar da mutum ya baro, ko kuwa ta haɗe da wata, to ba zai rasa kujerarsa ba. A Nijeriya wace jam'iyya ce ba ta da rikici? Inda babu ma, ƙirƙiro shi ba ya wuya. A tara mutane a otal, a kira 'yan jarida, a naɗa shugaban tsagi, shi ke nan an samu hujja.

Ta biyu ita ce wanda aka ɗora wa alhakin zartar da dokar. Sashe na 68(2) ya ba shugaban Majalisar Dattawa da kakakin Majalisar Wakilai wannan aiki. Su kuwa 'yan jam'iyya ne, kuma galibi jam'iyyarsu ake shigowa. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Ta uku ita ce dokar ba ta ambaci shugaban ƙasa, gwamna da mataimakansu ba. A 2007 Kotun Ƙoli ta ce Atiku Abubakar bai rasa kujerar mataimakin shugaban ƙasa ba don ya bar PDP ya koma AC. A watan Maris na 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta sauke Gwamna David Umahi na Ebonyi da mataimakinsa saboda komawa APC, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin, domin sauya jam'iyya ba ya cikin hanyoyin da kundin ya lissafa na raba gwamna da kujerarsa.

Yadda aka yi da dokar

Kotun Ƙoli ta yi ƙoƙarin rufe ƙofar farko. Ifedayo Abegunde ya ci zaɓen Majalisar Wakilai daga Akure a jihar Ondo a 2011 ƙarƙashin jam'iyyar Leba, sannan ya koma ACN, yana kafa hujja da rikicin reshen jam'iyyar na jiharsa. Kotu ta ce rabuwar kan da kundin yake nufi ita ce wadda ta tsaga shugabancin jam'iyya na ƙasa har ta kasa gudanar da harkokinta. Rigimar jiha ko ta ƙaramar hukuma ba ta isa ba. Hukunci ne mai kyau. Amma ku lura da lokacin da ya fito: 2015, ana gab da ƙarewar wa'adin majalisar. Mutumin ya riga ya ci kusan dukkan shekarunsa a kan kujerar. Darasin da 'yan siyasa suka ɗauka shi ne, ko an kai ka kotu, kafin a gama ɗaukaka ƙara wa'adi ya zo ƙarshe.

Mu tuna abin da muka gani da idonmu. A watan Nuwamba na 2013 gwamnoni biyar na PDP suka koma APC: Rabi'u Musa Kwankwaso na Kano, Aliyu Magatakarda Wamakko na Sakkwato, Murtala Nyako na Adamawa, Abdulfatah Ahmed na Kwara da Rotimi Amaechi na Ribas. Wata guda bayan haka 'yan Majalisar Wakilai 37 suka bi su. A watan Oktoba na 2014 kakakin majalisar da kansa, Aminu Waziri Tambuwal, ya bi sahu, ya kuma ci gaba da riƙe gudumarsa. A watan Yuli na 2018 guguwar ta juya: sanatoci sama da 10 da 'yan Majalisar Wakilai sama da 30 suka fice daga APC a rana ɗaya, kafin watan ya ƙare shugaban Majalisar Dattawa Bukola Saraki ya koma PDP. Sau biyu cikin shekara huɗu, wanda kundin ya ɗora wa aikin korar masu sauya sheƙa shi ma ya sauya.

Wani abin lura shi ne, waɗanda suka yi murna a 2013 su ne suka riƙa karanto sashe na 68 a 2018, waɗanda suka yi kuka a 2013 kuma su ne suka yi shewa. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka laccar nan hari ce ga jam'iyya ɗaya. Kowace babbar jam'iyya ta ci moriyar wannan ɗabi'a, kowace kuma ta ɗanɗana ɗacinta.

A Zamfara, Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a 2019 saboda jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna. A watan Yuni na 2021 ya koma APC, akasarin 'yan majalisar jihar suka bi shi. Mataimakinsa Mahdi Aliyu Gusau, wanda ya tsaya a jam'iyyar da ta kawo su, shi aka tsige a 2022. Wanda ya tsaya ya rasa kujera, waɗanda suka tafi suka riƙe tasu. A Ribas, 'yan majalisa 27 cikin 32 suka shelanta komawa APC a watan Disamba na 2023. Taƙaddamar ko sun rasa kujerunsu ta hana jihar sakat fiye da shekara, ta kai har Kotun Ƙoli, kuma rikicin ya kai ga dokar ta-ɓaci a watan Maris na 2025. A shekarar dai, dukkan sanatocin Kebbi uku suka bar PDP suka koma APC a lokaci guda. Jihar da ta tura 'yan adawa uku Majalisar Dattawa ta wayi gari ba ta da ko ɗaya, kuma ba a kafa akwati ko guda an tambayi jama'a ba.

Illar wannan ga wakilci

Illa ta farko ita ce ƙuri'a ta rasa ma'ana. Wanda ya zaɓi jam'iyyar adawa saƙo ya aika: bai gamsu da gwamnati ba, yana son wanda zai sa mata ido. Idan wakilinsa ya koma cikin gwamnati, an juya saƙon ya koma kishiyar abin da ya faɗa. Idan abin ya maimaitu, mutum zai ce wa kansa duk kanwar ja ce, ya daina fita zaɓe, ko ya fita ya sayar da ƙuri'ar tunda ya ga wanda ya ba wa ma sayar da ita yake yi.

Illa ta biyu ita ce majalisa ta daina aikin da aka kafa ta dominsa. Bin diddigin kasafin kuɗi, tantance ministoci da kwamishinoni, amincewa da ciwo bashi, duk suna buƙatar wanda zai iya cewa a'a. Majalisar jihar da kowa a cikinta ya koma jam'iyyar gwamna, kasafin biliyoyi zai shige ta babu tambaya ko ɗaya.

Illa ta uku ta shafi jam'iyyun kansu. Iyayenmu sun san abin da ake nufi da ɗan NEPU ko ɗan PRP. An ɗaure mutane, an kore su daga garuruwansu, ba su bar aƙidarsu ba. Jam'iyyar da ake shiga da safe a fita da yamma ba ta iya gina irin wannan. Sai ta zama wurin karɓar tikiti kawai.

Darasin Indiya: idan doka ta yi tsanani fiye da kima

Mai sauraro zai iya cewa, to a ƙara wa dokar ƙarfi mana, a toshe kowace kafa. Kafin mu yi haka, mu dubi ƙasar da ta riga mu gwadawa.

Bayan zaɓen 1967, sauya sheƙa ya addabi jihohin Indiya, gwamnatoci suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan majalisar jihar Haryana mai suna Gaya Lal ya sauya jam'iyya sau uku cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, har sunansa ya zama abin misali a siyasar ƙasar. A 1985, zamanin Firaminista Rajiv Gandhi, aka yi wa kundin tsarin mulki gyara na 52, aka shigar da Jadawali na Goma. Ya tanadi cewa ɗan majalisa zai rasa kujerarsa idan ya bar jam'iyyarsa. Ya kuma ƙara wani abin da namu kundin bai ƙunsa ba: zai rasa ta idan ya kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa saɓanin umarnin jam'iyyarsa, ko ya ƙi kaɗawa, sai in jam'iyyar ta yafe masa cikin kwana 15.

Wannan ƙarin ne ya jawo babbar ɓarna. Indiya tana bin tsarin firaminista, inda shugabannin jam'iyya mai rinjaye su ne gwamnati. Ma'ana gwamnati ce ke ba 'yan majalisa umarnin yadda za su kaɗa ƙuri'a kan ƙudurorin gwamnati. Ɗan majalisar da ya ga wata doka za ta cuci manoman mazaɓarsa, zaɓinsa biyu ne: ya amince da ita, ko ya rasa kujerarsa. Muhawara ta koma ta cika sharaɗi, tunda kowa ya san sakamako kafin a fara. An ƙwace kujerar daga hannun ɗan majalisa, aka damƙa wa 'yan tsirarun da ke juya jam'iyya. Mai zaɓe bai samu komai ba.

Kuma cinikin bai tsaya ba, salo ya sauya. Da farko dokar ta yafe wa waɗanda suka fice idan sun kai kashi ɗaya cikin uku na 'yan jam'iyyarsu a majalisa, sai aka koma ficewa rukuni-rukuni. A 2003 aka yi gyara na 91 aka soke wannan, aka bar togaciyar haɗewa idan masu tafiya sun kai kashi biyu cikin uku. A jihar Goa a 2019, 'yan jam'iyyar Congress 10 cikin 15 suka koma BJP ta wannan ƙofa. A Karnataka a 2019 da Madhya Pradesh a 2020 aka ɓullo da wata dabara: 'yan majalisa suka riƙa ajiye muƙami a tare har gwamnati ta rasa rinjaye ta faɗi, daga baya su tsaya zaɓen cike gurbi a sabuwar jam'iyya. Matsalar kakaki ma tana can kamar nan. Kakakin majalisa ne alƙali, yakan hanzarta idan hukuncin zai amfani jam'iyyarsa, ya yi ta jan ƙafa idan zai cutar da ita. A 2020, a wata shari'a daga jihar Manipur, Kotun Ƙolin Indiya ta ce ya kamata kakaki ya yanke hukunci cikin wata uku, ta kuma shawarci majalisa ta duba yiwuwar miƙa aikin ga hukuma mai zaman kanta.

Wasu ƙasashen sun nemi tsaka-tsaki. Pakistan ta taƙaita tilasta bin umarnin jam'iyya ga batutuwa ƙalilan: zaɓen firaminista, ƙuri'ar amincewa ko yanke ƙauna, dokar kuɗi da gyaran kundin tsarin mulki. Maƙwabciyarmu Nijar, a tsohon kundinta na 2010, ta bambanta abubuwa biyu: ɗan majalisar da ya yi murabus daga jam'iyyarsa ya rasa kujera, mataimakinsa na takara ya maye gurbinsa, wanda jam'iyya ta kora kuwa zai ci gaba da zama a matsayin mai zaman kansa. Wannan bambanci yana da amfani ƙwarai, domin ya hana shugabannin jam'iyya amfani da kora wajen tsige duk wanda ya faɗa musu gaskiya. A Ingila babu dokar hana sauya jam'iyya, amma a 2014 ɗan majalisa Douglas Carswell da ya bar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ya ajiye kujerarsa da kansa, ya koma wurin mutanen mazaɓarsa ta Clacton, suka sake zaɓensa a sabuwar jam'iyyarsa.

Ba sai mun je Ingila neman misali ba. A 1983, lokacin da Muhammadu Abubakar Rimi ya bar PRP zai yi takara a NPP, ya sauka daga kujerar gwamnan Kano, Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. Aka je zaɓe, Kanawa suka ba Sabo Bakin Zuwo na PRP. Ko mene ne ra'ayin mutum game da rikicin santsi da taɓo na cikin PRP, tilas ya yarda cewa a wannan karon jama'a ne suka yanke hukunci.

Adalci ga masu ficewa

Ba duk wanda ya bar jam'iyya ne maci amana ba. Akwai wanda aka yi wa ɗauki-ɗora a zaɓen fidda gwani, akwai wanda gwamna ya ƙwace masa shugabannin mazaɓa tun daga gunduma, akwai wanda jam'iyyarsa ta juya wa alƙawuranta baya shi kuma ya ƙi bi. Sashe na 40 na kundinmu ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar da yake so, kuma babu mai hankalin da zai ce a ɗaure mutum a jam'iyyar da zuciyarsa ta bari. Yana da ikon tafiya. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya tafi da ƙuri'un mutane ba tare da izininsu ba. Idan da gaske ya tuntuɓi al'ummar mazaɓarsa kamar yadda wasiƙarsa ta ce, me zai ji tsoro a akwatin zaɓe?

Wani zai ce ai akwai kiranye. Gaskiya ne sashe na 69 ya tanade shi, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. A ƙasar da sau da yawa masu fitowa babban zaɓe ma ba sa kai rabin masu rajista, wannan sharaɗi ya yi nauyi. Yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye kiranye ya mutu ne a matakin tantancewa a 2018.

Shawarwari

Na farko, a soke togaciyar rabuwar kai. Wanda ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi, bisa kowane dalili, kujerarsa ta koma ga jama'a, a yi zaɓen cike gurbi, shi ma yana da damar tsayawa. A bar togaciyar haɗewar jam'iyyu wadda hukumar zaɓe ta yi wa rajista, irin wadda ta haifar da APC a 2013.

Na biyu, a ɗauke hukuncin daga hannun shugabannin majalisa a kai shi kotu, a kuma ƙayyade kwanaki kamar yadda aka yi wa ƙararrakin zaɓe, inda kotun farko ke da kwana 180. Batun sauya sheƙa bai kai ƙarar zaɓe sarƙaƙiya ba, bai kamata ya ci ko rabin haka ba.

Na uku, dokar ta haɗa da shugaban ƙasa, gwamnoni da mataimakansu. Mafi yawan 'yan majalisar da ke sauya sheƙa gwamnansu suke bi. Idan an bar jagora aka kama mabiya, ba a yi komai ba.

Na huɗu, kada mu kwaikwayi Indiya wajen ɗaure ƙuri'ar ɗan majalisa a zaure. Ya kasance yana da 'yancin saɓa wa jam'iyyarsa kan kowane ƙuduri, kuma wanda jam'iyya ta kora ya ci gaba da wakiltar mutanensa har wa'adi ya cika.

Na biyar, wanda ya bar kujerarsa ta hanyar sauya sheƙa kada a naɗa shi minista, kwamishina ko shugaban wata hukuma har wa'adin ya ƙare. Wannan zai rage farashin cinikin, ya kuma toshe irin dabarar da aka yi a Karnataka.

Na san za a ce zaɓen cike gurbi yana cin kuɗi, kuma mai mulki zai iya saye shi. Amsata ita ce, ranar da ɗan majalisa ya tabbata ficewa na nufin komawa gaban jama'a, masu ficewar za su ragu ƙwarai, zaɓukan ba za su yi yawa ba. Batun saye kuwa, sayen mazaɓa guda ya fi sayen mutum ɗaya wuya da tsada, kuma a bainar jama'a ake yin sa.

Kammalawa

Gyaran kundin tsarin mulki yana buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Waɗanda za su kaɗa wannan ƙuri'a su ne masu cin moriyar halin da ake ciki, don haka ba za su yi don raɗin kansu ba. Sai an matsa musu. Aikin yana kanmu: malaman jami'a su rubuta, lauyoyi su tsara daftarin gyaran, ƙungiyoyin farar hula su kai shi zaman jin ra'ayin jama'a, 'yan jarida da masu shirye-shiryen siyasa a gidajen rediyo su riƙa tambaya. Ku kuma matasa, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi a gaban jama'a: idan ka bar wannan jam'iyya, za ka ajiye kujerar ka dawo mu sake zaɓe? Ku naɗi amsarsa a wayoyinku ku adana. Mutanen Zamfara sun nuna a 2023 cewa mai zaɓe ba ya mantuwa, lokacin da suka mayar da kujerar gwamna ga jam'iyyar da aka baro. Abin da muke nema shi ne doka ta ba shi damar yin magana a lokacin da abin ya faru, ba sai ya jira shekaru ba.

Allah Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, Ya ba mu ikon riƙe tamu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.